Motar Alu Ba Ta Hayaƙi

Duk unguwar Banifandu babu wanda Alu bai nuna wa farin hankicinsa ba. In ka tsaya gaisawa da shi a bakin mota, kafin ku kai ga tambayar iyali ya zaro shi daga aljihu, ya zagaya baya, ya kara a bakin bututun hayaƙi, ya ce wani ya ba ta wuta. Sai ya ɗago hankicin fari tas, ya miƙo maka har kusa da hanci.

"Ka gani? Gazuwal taka sha, man dizal, amma ko ɗigon baƙi babu. Turawa da kansu sunka auna ta, sunka manna mata wanga koren tambari."

Wanda ya gani sau goma ma sai ya sake gani, don Alu ba ya tuna wanda ya nuna wa. Mutane suna yi masa dariya, amma dariyar so ce, don mutum ne mai sakin fuska, ga shi ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba.

Aikinsa kai yara lakwal, wato makaranta, da maido su gida. Daga Badagishiri ya zo Yamai, ya daɗe yana tuƙa taksin wani, har ƙanin matarsa Kabiru, mai aikin loda tsofaffin motoci a tashar jiragen ruwa ta ƙasar Beljik, ya samo masa wannan doguwar mota mai faɗin baya, ta biyo ta Kwatano. Hankicin nan kuwa shi ya samar masa aiki. Ranar da ya yi wa Hajiya Hadizatu gwajinsa, ta juya hankicin gaba da baya, ta shinshina, ta ce gobe ya zo ya ɗauki jikokinta. Hajiya Hadizatu atamfa take sayarwa a kasuwar Wadata, ita ce kuma uwar foyandin matan unguwa, wato taron da suke yi kowace Asabar su ci su sha su kashe maganganunsu. In ta ce e, babu mai cewa a'a. Kafin wata ya ƙare motar Alu ta cika da yara.

Da bazarar farko ta zo, kilim ɗin motar, wato na'urar sanyaya ta, ya mutu. Alu bai rasa dabara ba. Ya shimfiɗa darduma a kofur, wurin zuba kaya, ya ɗage murfin baya ya tokare shi da guntun taɓarya, ya jera ƙananan a ciki suna kallon hanya, iska na kaɗa su. Da wani direba ne ya yi haka, da iyaye sun ci shi ɗanye, don kowa ya san abin da ke fitowa daga bayan mota. Amma motar Alu ba ta hayaƙi. Yaran ma har faɗa suke yi a kan wurin. A kowace ƙofa kuma ba ya kashe inji, wai gazuwal ba ta son a kashe a tayar. Sai ya danna oda ya jira, motar na gurnani a hankali.

'Yarsa Huda ita ce farkon shiga, ita ce ƙarshen fita. Tunda ba biya ake yi mata ba, Alu ya ga bai dace ta tsare kujerar masu biya ba, sai ya ba ta can bakin kofur, gefen da bututun yake, ta riƙa kula kada jakar wani ta faɗi.

Tari ya kama Huda, irin busasshen nan mai sa yaro ya dafa ƙirji. Uwarta Salima ta yi zuma da lemun tsami, ta yi citta, ta hana ruwan sanyi. Aka ɗora wa allin makaranta laifi, aka ɗora wa fanka. Alu da kansa ya yanke hukunci cewa turaren wutar Salima ne, ya hana kunna shi a gidan, aka yi ta zaman doya da manja a kan haka. Tarin dai bai san ana yi ba.

Wata ranar Alhamis da hantsi, ya sauke yara, yana zaune a rumfar mai shayi a Wadata, sai ga kiran Kabiru, har da hoto. Tsakaninsu akwai wasan ƙanin mata da mijin ya, ba sa gaisawa sai sun tsokani juna.

"Mijin Yaya! Ina maƙaryaciyarka?"

"Wace maƙaryaciya kuma? Yayarka?"

"Motar mana!" Kabiru ya fashe da dariya. "Jiya ma an sake nuna irinta a tele. Kai ba ka san dalilin da ya sa na same ta da araha ba?"

Alu ya ajiye kofin shayi. Kabiru ya gyara hular sanyi, ya shiga ba shi labari kamar mai ba da labarin kokawa. Wai masu ƙera ta sun saka mata wayo a cikin na'urar da ke sarrafa inji. In aka ɗora ta a kan abin awo, ƙafafu na juyawa amma ba a murɗa sitiyari ba, sai ta gane jarrabawa ce, ta tsuke numfashinta, ta fito da sakamako mai kyau. Da ta hau gudron, wato kwalta, sai ta saki. Da asiri ya tonu, masu motocin can suka tayar da ƙura, aka kira wasu aka gyara musu na'urar, wasu kuma suka rabu da nasu ko nawa aka taya. Irin waɗannan ne suka cika jiragen Kwatano.

"Ta saki mi?" in ji Alu. "Ni na kara mata hankici, ba sau guda ba."

"Ba baƙin hayaƙi ba ne, mijin Yaya. Baƙin tana tace shi. Wannan ba a ganinsa, ba ya ɓata tufa. Huhu yake ci a hankali."

"Kai ka san haka ka aiko mini?"

"Nan kowa ya sani! Na ce Yamai wa zai damu, ga manyan motocin kamiyo suna turnuƙe gari? Ai in dai ba a bakin bututun mutum ya kafa kujera ba, ba komai."

Kabiru ya ci gaba da magana, amma Alu bai ƙara jin ko kalma ɗaya ba. Shi da hannunsa ya kafa kujerar, ya shimfiɗa mata darduma, ya ɗora 'yarsa a kai. Ya dubi motar can gindin bishiyar bedi tana sheƙi, ya ji kamar wanda ya gano aminin da yake ba amanar gidansa ne ke yi masa sata. Kyan ɗan maciji ke nan.

Da azahar ya jefar da guntun taɓaryar, ya rufe kofur, ya cusa yaran a kujeru, wani kan cinyar wani. Suka yi ta ƙorafin zafi har ya sauke su. Daga nan bai nufi gida ba, ya wuce da Huda asibitin unguwa. Likitar ta saurari ƙirjinta, ta tambayi murhu, ta tambayi turare, Alu ya sunkuyar da kai ya gaya mata inda yarinyar take zama kullum. Matar ta cire abin sauraren daga kunnenta ta dube shi.

"Ba zan rantse maka cewa motar ce kaɗai ba. Amma ko wace irin mota ce, ba a zaunar da yaro a nan. Ka raba ta da wurin, ga abin shaƙa, in sha Allah za ta warware. Yara nawa ne ke zama tare da ita?"

Wannan tambayar ita ya taho da ita gida, ta fi maganin nauyi.

Bayan la'asar ya sami Salima a tsakar gida tana tsinke zogale, ya zayyana mata komai. Ta yi salati, ta jawo Huda ta rungume, ta tsine wa masu ƙera motar, ta haɗa da ƙaninta. Da ya ce mata ranar Asabar zai je foyandi ya gaya wa iyayen yaran, sai hannunta ya tsaya a cikin faranti.

"Ka gaya musu me? Baban Huda, ka rufe kofur, magana ta ƙare. Wa ya gani? Wa zai gani? Abin da ko hankici bai kama ba, Hajiya ce za ta kama?"

"Ɗiyan mutane sun shaƙa, Salima."

"Sun shaƙa, ka daina. In ka buɗe baki, rana ɗaya za su kwashe yaransu. Hajiya in ta juya maka baya, ko akuya ba mai ba ka ka kai kiwo a Banifandu. Motar kuma wa zai saya in ka ɓata mata suna da bakinka? Me za mu ci?"

Gaskiya ta faɗa, kuma Alu ya san gaskiya ce. Motar nan ita ce gonarsu, ita ce rumbunsu, kuma amincewar matan nan ce kawai ke juya ƙafafunta. Sai dai Alu ɗan dillalin dabbobi ne. A kasuwar Badagishiri ya tashi, yana riƙe wa ubansa igiya. Tsohon yana da al'adar da ba ya ƙetarewa: kafin a sa hannu a ciniki, sai ya dafa dabbar, ya faɗi aibinta da ƙarfi a gaban shaidu. Wannan sa yana tunkuri. Wannan jakar tana cizo in ta ga buhu. In mai saye ya ji ya ce ya yarda, to, ya saya da saninsa. Alu tun yana yaro yake jin haushin abin, don sau da yawa ciniki na watsewa. Ga shi yau ya girma ya tarar abin ya bi shi har Yamai, ya hana shi haɗiye tuwo.

"Sun ba ni ɗiyansu bisa magana guda," ya ce. "Na ce musu ba ta hayaƙi. Maganar ta tashi. In za su bar mini su, su bar mini da saninsu."

Salima ta share ido da gefen zane, ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Amma ranar Asabar ita ta goge masa rigar da ya sa.

Namiji ba ya shiga foyandi. Da Alu ya yi sallama a ƙofar Hajiya Hadizatu, mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi, ga manyan faranti na dambu, sai guɗa ta tashi.

"Fofo, sannu Alu! Zubi ka zo yi? Ku ba shi ɗankwali!"

"Hajiya, ku yi haƙuri," ya ce. "Roƙo nika yi, masu yara a motata su fito waje. Magana gare ni, kuma sai a gaban motar."

Suka fito suna gyara mayafi, har da waɗanda ba su da ko ɗa ɗaya a motar. Alu ya tsaya, ya dafa kan motar da tafin hannunsa kamar yadda tsohonsa ke dafa sa, ya ɗaga murya har masu wucewa suka tsaya.

"Ku shaida. Wagga mota tana da aibi. Ta san lokacin da aka duba ta, sai ta natsu. In ta ga ba mai kallonta, sai ta riƙa fidda abin da ido ba ya gani, mai cin ƙirji."

Wata ta ja da baya tana a'uziyya. Wata ta ce dama ita tun farko ba ta yarda da fitilun motar nan ba, kamar suna bin mutum da kallo. Kafin ka ce kwabo an fara maganar a kira malam ya yi mata ruƙiyya. Alu ya ga in bai yi da gaske ba za a mayar masa da mota mai iskoki, sai ya koma ya bi abin dalla-dalla: ba aljani ba ne, mutane ne suka koya mata, masu ƙera ta, don su ci jarrabawar ƙasarsu. Ya faɗi abin da Kabiru ya ce, ya faɗi abin da likita ta ce, bai rage ba. Ya ce duk yaron da ya taɓa zama a kofur a kai shi a saurari ƙirjinsa.

Nan dariya ta ɗauke. Wata matashiya mai yara biyu a motar ta matso har gabansa.

"Wato duk watannin nan guba kake shaƙa wa 'ya'yana, kana nuna mana hankici?"

"E, madam. Ban sani ba, amma ni na yi."

Hayaniya ta kaure. Alu ya tsaya hannunsa a kan mota, ana zuba masa magana ta ko'ina, bai kare kansa ba. Kunya ta rufe shi har yana jin da ƙasa za ta tsage da ya shige. Sai da Hajiya Hadizatu ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Wa ya tona ka?"

"Ba kowa, Hajiya."

"Wa ya sani a Yamai ban da kai?"

"Matata da likita."

"Wane yaro ne ya fi zama a bakin bututun?"

Alu ya sunkuyar da kai. Wata daga baya ta amsa masa a hankali: "Huda ce. Kullum ita nake gani."

Hajiya ta juyo gare shi. Ta tambaye shi abin da yake shirin yi. Ya ce kofur ya rufu ke nan har abada. Ba zai ƙara ɗaukar yaran da suka fi kujeru yawa ba, don haka sai dai ya yi sawu biyu, wasu su yi sammako. Zai kashe inji a kowace ƙofa. Kilim zai gyara da zarar ya samu hali, in Allah ya buɗa kuma ya rabu da motar, amma duk wanda zai saya sai ya ji abin da suka ji. Ya ƙara da cewa ba zai yi musu ƙarya ba, ko da haka motar ba ta zama mai tsabta ba, tana dai zuba abinta a hanya kamar sauran.

"Bon," in ji Hajiya. "Mun ji. Tafi, za mu yi shawara."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, fuskarta kuma ba ta nuna komai ba. Ya shiga mota ya tafi, yana hango su a madubi sun yi cirko-cirko, kowace na magana da hannu.

Ranar Lahadi babu wanda ya kira. Alu ya wanke motar da ba ya ko son kallonta, ya zauna, ya tashi, ya duba wayarsa ko caji ne ya ƙare. Abu ɗaya ne ya sanyaya masa rai: Huda ta yi wasan igiya da 'yan makwabta har ta gaji, tarin bai tsayar da ita ba sai sau ɗaya. Da yamma ya ce wa Salima ta kunna turarenta, ya ba ta haƙuri. Ta harare shi, ta ce sai yarinya ta warke tukuna, ita ba likitar ƙarya ba ce irin wasu.

Litinin da sassafe ya fito kamar kullum, Huda a kujerar gaba. Ƙofar farko ta gidan matashiyar nan ce. Mai gadi ya leƙo ya ce yara sun riga sun tafi, babansu ya kai su a kan babur, kuma madam ta ce kada ya ƙara zuwa. Alu ya ce to, a gaishe ta. A ƙofa ta biyu ko leƙowa ba a yi ba. Huda ta dube shi, ya yi mata murmushin da bai kai ciki ba, ya karya kwana ya shiga layin Hajiya Hadizatu. In wannan ƙofar ta ƙi buɗewa, sauran ma ba sai ya je ba.

Ya tsaya a bakin ƙofar. Hannunsa ya tafi kan oda, sai ya fasa, ya murɗa makulli ya kashe injin. Unguwar ta yi shiru. Tunda ya fara aikin nan bai taɓa jin safiyar gidan mutane ba, gurnanin motarsa kawai yake ji. Yanzu ga kukan kurciya, ga ƙarar cokali a kofi daga bayan katanga, ga famfo na zuba a bokiti.

Sai ga muryar Hajiya ta keto daga tsakar gida, da dukan ƙarfinta:

"Ina ɗayan takalmin naka? Kai, ajiye burodin nan, ka ci a hanya! Ku ne sawun farko, na gaya muku tun jiya. Ku yi sauri, Alu na waje yana jira!"

Alu ya kifa goshinsa a kan hannuwansa, kafaɗunsa na girgiza. Huda ta taɓa shi.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata." Ya share fuska da hannun riga. "Sauka ki buɗe musu ƙofa."